Hannun Dama na Inna Ne

Allah ne ya ba mu Kawu, shi ne kuma ya karɓi abinsa, wannan ba ni da ja a kai. Inda nake da ja shi ne maganganun da na ji ana yi a kansa cikin kwana ukun da muka yi muna zaman makoki a gidansa na Gusau.

Duk wanda ya shigo, in ya gama "ya haƙuri" ya shafa addu'a, sai ya ce, "Allah sarki Malam, mutum mai sanyin hali." Wata maƙwabciya har da matse hawaye, wai ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni kuwa ina gefe ina cizon leɓe. Sanyin hali? Kawu? Mutumin da ya taɓa dira daga mota a Tsafe da rana tsaka don kaset ɗin direba ya lalace yana jan waƙa, direban kuma ya ƙi kashewa? Ya tsaya bakin titi yana cewa gara rana ta gasa shi da a yi ta yanka waƙa a kunnensa. Haba jama'a, in za a yabi mamaci, a yabi wanda ya rayu mana.

Wasu suka ce malamin makaranta ne. Gaskiya ne. To me ya koyar? Nan kowa ya kama bakinsa. Kwana uku cur ban ji wanda ya furta kalmar kiɗa ba, sai ka ce ita ce cutar da ta kashe shi. Babban ɗansa, taubashina, tun kafin a gama wanka ya naɗe ɗan fiyanon lantarkin Kawu a bargo ya tura ƙarƙashin gado, wai kada baƙi su gani.

To ni zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Kawuna, yayan mahaifiyata, makaɗin fiyano ne. Ya koyi karatun kiɗa a badujala yana saurayi, ya koyar da shi a kwalejin malamai har ya yi ritaya. Da an kira salla yake janye hannu ko yana tsakiyar waƙa, kuma sahun farko ya san goshinsa. Bai taɓa jin kunyar ɗaya don ɗaya ba, ni ma ba zan ji masa ba.

Kuma ina da bakin magana. Lokacin da aurena ya mutu na dawo gida da ɗiya a goye, kowa cewa yake in zauna in jira wani mijin. Kawu ne ya zo da tsohon babur ɗinsa ya ce, "Tashi." Wata shida yana kai ni makarantar koyon buga tafireta, ya zauna gindin darbejiya yana cin goro har in fito. Da na sami aiki a kwalejin da ya bari, sunana ya ɓace a bakinsa, na koma Sakatare.

Abin da ya ci masa rai duk tsawon rayuwarsa waƙoƙin mahaifiyarsa ne, kakata, wadda kowa a Bungudu yake kira Inna. A zamaninsu in an gina ɗaki, matan unguwa ke taruwa da madaɓai su yi ta bugun ƙasa ana yayyafa ruwan makuba har ta kwanta ta yi sulɓi. Inna ce mai ba da waƙa, 'yan mata na amsawa. Muryarta kauri gare ta, can ƙasa-ƙasa, su kuma 'yan amshi siririya, can sama. Maza ba sa shiga wurin daɓe, amma wa ke lissafa ɗan shekara shida da ya maƙale a bakin ƙofa? Haka ya kwashe su kaf a kansa. Daga baya siminti ya zo, aka daina daɓe, Inna ta rasu, waƙoƙin suka rasa wurin zama sai yatsun Kawu. Ya taɓa rubuta su da hannu, littafi uku, gara ta cinye su a akwati. Da ya tashi sakewa, ido ya riga ya ja baya.

Akwai wani abu da yake yi in zai kaɗa su. A fiyano, sautuka masu kauri suna ɓangaren hagu, sirara suna dama, don haka kowane makaɗi hagunsa ke riƙe kauri. Shi kuwa sai ya harɗe hannuwa. Damansa ya tsallaka ya sauka can wajen kauri, hagun ya shige ta ƙasa ya hau sama.

Na taɓa tsokanarsa, "Kawu, sanyi kake ji ne ka rungume kanka haka?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sakatare, kin taɓa miƙa ma uwarki ƙwarya da hagu?"

"Allah ya kiyaye."

"To ni mi zai sa in ɗauki muryar tawa da hagu? Dama na Inna ne. 'Yan amshi yara ne, su yi haƙuri da abin da sunka samu."

Shekara biyu bayan an yanke mana jiharmu daga Sakkwato, wani malami baƙo ya gama aikinsa a kwalejin ya tafi, ya bar wata kwamfuta a ofishinmu. A cikinta akwai manhajar rubuta kiɗa: ka haɗa fiyano da waya, duk abin da ka kaɗa ya fito a rubuce. Na yi mako biyu ina fama da ɗan littafin bayaninta, sannan na roƙi shugaban sashe ya bar mana ofis ranakun Asabar, daga safe zuwa azahar.

Ranar farko ba zan manta ba. Kawu ya goge maɓallan fiyanon da tsohuwar hula, kamar yadda ya saba, ya yi bisimilla ya fara. Sai ga ɗigo-ɗigo masu wutsiya suna jeruwa a allon kwamfutar, ba alƙalami ba tawada. Ya miƙe tsaye yana dariya. "Kai! Ashe magatakarda anka ɓoye cikin akwatin ga!" Na buga masa a takarda, ya kai ta bakin taga, ya gyara tabarau. Ina kallo dariyar ta tsane daga fuskarsa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Injin mana, Kawu."

"Ya ba uwata hagu."

Ga yadda abin yake. Kiɗan fiyano jeri biyu ake rubuta shi, kowanne da layuka biyar: jerin sama na hannun dama, na ƙasa na hagu. Shi kuwa injin yana ji amma ba ya gani. Bai san wane hannu ne ya taɓa wane maɓalli ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya kafa iyaka a maɓallin tsakiya, duk sautin da ya haura ya ce na dama ne, duk wanda ya gaza ya ce na hagu ne. Sai ya kwashe Inna gaba ɗaya ya zuba a hagu, ya ɗora 'yan mata a dama.

Na ce wannan mai sauƙi ne, sai mu musanya jerin biyu. Na musanya. Ya karanta layi biyu ya fara gyaɗa kai, a na uku ya buga takardar a tebur. Ashe Inna ba a ƙasa take zama kullum ba. In ta zo yi wa uwar ɗaki shaguɓe sai ta cilla murya sama, a daidai lokacin 'yan amshi suna gangarowa, muryoyin su gitta juna. A duk irin wannan wuri injin ya datse ta biyu, ya ba yara rabin maganarta, ya cusa mata rabin tasu.

Na matsar da iyakar sama, na dawo da ita ƙasa, na gwada maɓalli ya fi goma. Ko'ina na ajiye ta sai ta yanki wani. Kawu yana tsaye a kaina yana cewa, "Ba haka ba. Sake." Kalma ukun nan da ɗaya su ne rabin maganarsa a duniya. Ɗalibansa sun sha su, matarsa ta sha su a kan miya, ni ma na sha har na ƙoshi.

Wata Asabar haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kawu, sautin nan fa duk yana nan, ko ɗaya bai ɓace ba. In an kaɗa, kunne ba zai san wane hannu ba ne. Mu bar shi haka mu wuce mana!"

Ya ce, "In na mutu, wani shi ɗauki takardar ga, mi za shi gani? Za shi ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana gaya ma uwar ɗaki baƙar magana, tsohuwa na amsa mata. Ƙarya ke nan a rubuce, da sunan uwata. Wa ya ba akwatin ga ikon kafa shinge cikin bakinta? Gara gara ta sake cinyewa."

Ya naɗe wayarsa ya fita. Asabar biyu bai zo ba, ni ma na yi zuciya ban leƙa shi ba.

Ni na gano mafita, kuma ni na ɓata ta, wannan ba zan ɓoye ba. A can ƙarshen ɗan littafin na ga ana iya ɗaukar kowane hannu shi kaɗai: a kaɗa dama a ajiye a jerin sama, sannan injin ya riƙa maimaita shi ana bi da hagu. Ba iyaka, ba datsewa. Na hau kabu-kabu na same shi a ƙofar gida. Bai ce sannu da zuwa ba, ya ce, "Awo, yanzu kin yi magana."

Muka gwada da waƙa uku, suka fito tsaf, Inna a sama ita kaɗai, yara a ƙasa. Kawu ya rungume takardun a ƙirji ya juya mini baya yana gyaran murya, wai goro ne ya sarƙe shi.

Sai dai sauya injin daga wannan hannu zuwa wancan yana cin lokaci, ga wuta da ba ta da alƙawari. Sai na kawo dabara irin ta masu tafireta, waɗanda suka saba gama shafukan gaba kafin su juya baya. Na ce mu ɗauke dama na duk waƙoƙin tukuna, in mun gama mu dawo mu bi da hagu.

Ya ce, "A'a. Waƙa da amshinta tare su ka tafiya. Mu gama guda mu kama guda."

Na yi tsalle na dire. Na ce ni na san injin, ni ke zama da shi, in an bi tasa sai mu shekara. Muka kai ruwa rana. Mutumin da bai taɓa sakar wa kowa magana ba, ranar nan ya sakar mini. Ya ce, "To, Sakatare. Ofis naki ne." Wallahi da na san abin da ke tafe, da na roƙe shi ya ci gaba da taurin kansa.

Cikin wata biyu muka ɗauke muryar Inna a waƙa ashirin da bakwai, har da ukun nan da muka riga muka kammala. Ana saura Asabar guda mu fara hagu, ya tafi Tsafe wurin wata tsohuwa da ta taɓa yin daɓe da Inna, don ya tabbatar da wata gaɓa da yake kokwanto. A tasha, yana ƙoƙarin hawa motar dawowa, ya yanke jiki ya faɗi. Da ya farfaɗo, ɓarin hagunsa ya shanye, tun daga fuska har ƙafa.

Da ya ɗan sami sauƙi na kai masa fiyanon bakin gado. Na ce ya kaɗa amshin da dama, ni zan zuba shi a jerin ƙasa, injin ba zai sani ba. Ya harare ni da idon da ya rage masa mai kaifi. Baki a karkace ya ce, "Hannun da ya ɗauki Inna shi koma yana amsa mata?" Sai da na yi kwana huɗu ina lallashi kafin ya yarda.

Da ya yarda ɗin ma, kash. Ya ɗora yatsun a wurin 'yan mata, sauti biyu, uku, sai su zame su koma hanyar Inna. Shekara hamsin hagu ke riƙe da amshin, bai taɓa tsayawa ya tambaye shi me yake yi ba. Na ce to ya rera da baki. Ya buɗe baki, abin da ya fito ba hawa ba sauka, ciwon ya tafi da wannan ma. Ya ɗaga mataccen hannun da mai ran, ya ajiye a kan maɓallan, ya ce masa, "Sake." Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata.

Amma bai sallama ba, Kawu ke nan. Ya tuna da waƙoƙi biyar da muka fara ɗauka da hannu biyu, waɗanda injin ya dagula. Ya ce amshin na ciki, a cakuɗe ne kawai. Likita ya ce ya kwanta, ɗansa ya ce ya kwanta, shi kuwa ya sa aka riƙa ɗora shi a kabu-kabu, ni ina baya ina tallafe da shi, har ofis. Ya zauna gab da allon, hancinsa kamar zai taɓa gilashi, yana bin ɗigon ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa.

"Inna. Inna. Yara. Inna. Yara, yara."

Ni kuma ina jan kowane ɗigo da linzamin kwamfuta ina kai shi gidansu. Waƙa guda takan ci Asabar uku. Wani lokaci ya tsaya a kan ɗigo ɗaya ya daɗe, ya rufe ido, sannan ya ce, "Wanga nata ne. Nan ta ka ɗage gira."

A tsakanin nan na je Bungudu wurin mahaifiyata, Hajiya, ƙanwarsa. Ita ma ta yi amshi a bayan Inna tana budurwa, kowa ya sani, amma tun da ta sauke farali ta rufe wannan babi. Na durƙusa na roƙe ta. Ta ce, "Ke, rufa mini asiri. Da furfurata da haƙorin Makka in zauna ina waƙar daɓe? Shi Yaya da ya ƙi girma, ga inda abin ya kai shi." Na tashi ban ko sha ruwan gidan ba.

Mun warware huɗu, muna tsakiyar ta biyar, ranar wata Laraba da hantsi Allah ya yi ikonsa. Waƙa ashirin suka rage, Inna na kira a jerin sama, jerin ƙasa fari fat. Aikina ne wannan farin. Ba wanda ya taɓa ce mini haka, ba sai an ce ba.

Ranar addu'ar uku, bayan baƙi sun watse, na shiga ɗaki na jawo fiyanon daga ƙarƙashin gado. Taubashina ya tare ƙofa.

"Ina za ki da shi? Ki bar tsohon nan ya huta mana. Addu'a yake buƙata yanzu, ba tarkacen ga ba."

Na ce, "Addu'a ina yi tun kafin ka farka. Kai da ko fito ba ka iya ba, matsa mini in wuce."

"Mutane za su yi magana."

"Su yi. Kwana uku suna yi, ba su faɗi komai ba."

Na ɗora shi a ka da bargon da komai, na ratsa ta gaban 'yan zaman da suka rage a rumfa, na tsayar da kabu-kabu.

Ban san kaɗa fiyano ba, abin da na iya shi ne karanta ɗigon da lalubo maɓalli da yatsa ɗaya. Na sa kwamfutar ta kaɗa hannun daman Kawu, na naɗa a kaset, waƙa ashirin ɗin nan da ramukansu. Bayan arba'in na koma Bungudu. Na tarar da Hajiya bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Tun rasuwar ba ta ambaci sunansa ba sai a addu'a. Na gaishe ta, na ajiye rikoda kusa da ƙafarta, na danna.

"Mi ne ne wanga kuma?"

"Hannun yayanki ne."

"Kashe."

Ban kashe ba. A rayuwata ban taɓa ƙin bin maganarta a gabanta ba sai ranar. Sautin ya taso da kauri, ya yi gaɓa guda, ya tsaya. Shiru na bugu huɗu, wurin da amshi zai shiga. Ya sake tasowa, ya sake tsayawa. Shiru. Hajiya ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, fuska a ɗaure, amma na ga gyaɗar ta daina fashewa a hannunta. A rami na huɗu tafin hannunta ya sauka a kan siminti, tim, tim, tim, tim, daidai bugun madaɓi.

Ta ce, "Wane irin rashin ta-ido ne wanga? Ku bar Inna na ta kira ba mai amsa mata?"

Gaɓar ta sake zagayowa, ramin ya buɗe, sai na ji wata siririyar murya da ban taɓa sanin tana cikin mahaifiyata ba:

"Mu daɓe, mu daɓe, ƙasa ki kwanta."

Ta bi waƙar har ƙarshe, hawaye na ɗiga cikin faifan gyaɗa. Ta biyu ta fara, ta amsa. Ta uku ta tsaya ta ce in mayar baya, ta shiga da wuri. Sai da kiran magariba ya taso na kai hannu na kashe.

Ta share fuska da bakin mayafi. Ta daɗe tana kallon rikodar.

"Ki zo da abin nan nashi ran Asabar, ki taɓa ina gaya miki in ya yi daidai. Wanda ya ga Hajiya na waƙa ya ji haushi, shi zo shi same ni." Ta ja numfashi. "Shi ko Yaya, shekara hamsin bai yarda ya miƙa ma uwarmu hagu ba. Ya Allah, ranar da za ka miƙa mashi takardarshi, ka dubi wannan."

Na ce amin, na tashi na zubo mata ruwan alwala.